Mota Mai Ɗaki da Tafiyar Wanku Gabon

Akwai maganar da kuke yi a bayan idona, kuna zaton ba ta iso kunnena ba. Kuna cewa ni na kori wanku daga ƙasar nan. Ɗanjuma ya taɓa faɗa wa matarsa wai ban taɓa son sa ba. Dije kuwa, da yake ta fi shi ladabi, cewa take yi haka Allah ya yi Inna, ba ta da taushin zuciya. Duk na ji. Ni ban yi boko ba, faɗa nake yi ana rubutawa, kuma na ce abin da ya fito daga bakina shi za a sa, kada a yi mini ado. Su biyun nan ne kawai a cikinku suka je bakin teku tare da ni ranar nan, su ma abin da ke waje suka gani. To duk ku zauna ku ji.

Sai na fara da abin da ku haihuwar Legas ba ku ɗauka a bakin komai ba. A garinmu, can ƙasar Kano, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a idon mutane, ba ta zama su yi hira, in ya shigo ta ƙofa sai ta kawar da kai ta kama wani aiki. Kunya ce, kuma macen da ba ta da ita ba a ganin ta da nauyi. Ni kaina 'yar fari ce. Har uwata ta koma ga Allah ban ji sunana a bakinta ba, amma ban taɓa kwana ina shakkar tana ƙaunata ba, domin duk gidan da na shiga haka na ga ana yi, ina gane shirunta kamar yadda manomi ke gane hadari. Da wannan na zo Agege, lokacin da mahaifinku, Allah ya jiƙansa, yake ɗaure goro yana lodawa a jirgin ƙasa zuwa Arewa. Na haifi wanku a ɗakin da yanzu kuke ajiye janareto. Ana yaye shi yayar mahaifinku, Gwaggo Asabe, ta zo daga Ebute Metta ta goya shi ta tafi, kamar yadda aka saba. Ina tsaye ina daka a tsakar gida har suka fita. Ba wanda ya ga hawayena, kuma na daɗe ina alfahari da hakan.

Gwaggo ya tashi yana kira Inna. Ni kuwa da ya fara magana matar Baba yake ce mini, ana dariya, da na sauke farali ya koma ce mini Hajiya kamar kowane baƙo. Duk abin da ke tsakanina da shi ta hannun Gwaggo yake bi. In na ɗinka masa riga da cinikin ƙuli-ƙulina, ita za ta miƙa masa ta ce ga shi daga Agege. Da ƙyanda ta kwantar da shi, na je na zauna a bayan ƙofar ɗakin ina jiƙa magani ina miƙawa, ban shiga ba, ita ta gaya masa bayan ya warke. Da ya girma ya shiga sayen bandar kifi yana turo wa 'yan kasuwarmu, ya ga Risikatu a wani ƙauyen masunta da ke bayan Badagry. 'Yan'uwan mahaifinku suka tashi tsaye wai ba za a auro musu 'yar ƙabilar Egun ba. Ni na ce wa Gwaggo yarinya tana salla, a bar shi. Ita ta kai maganar inda ya kamata, aka ɗaura, ya zauna a can garinsu kusa da kifin.

Abin da ban lissafa ba shi ne inda ya tashi. A kwatas ɗin reluwe na Ebute Metta Yarabawa suka fi yawa, su kuwa mace da sunan ɗanta na fari ake kiran ta. Iya wane, Iya wance, a bakin famfo, a kasuwa, a ko'ina, ita ma tana amsawa tana washe baki. Yaro ya buɗe ido ya ga abokansa iyayensu mata na yawo da sunansu a ka kamar ɗankwali, tasa uwar kuwa in ya zo gaishe ta bango take kallo. Gwaggo tana yi masa bayani, ya ce ya gane. Ni ma na ɗauka ya gane.

Gwaggo ta rasu shekarar da sojoji suka miƙa mulki suka koma bariki. Kowa na murna za a sha iska, amma ba a daɗe ba aka shiga tashin hankali a wasu unguwannin Legas, mutanenmu da yawa suka ɗaure kaya suka yi Arewa, cikinsu har da masu karɓar kifi a hannun wanku. Kasuwarsa ta kwanta. Wan Risikatu da ke Gabon ya aiko ya ce su taho, akwai wuri. Dije ce ta kawo mini labarin, ina zaune ina tsince shinkafa.

"Inna, Yaya zai tafi Gabon da iyalinsa. Amma ya ce in kin ce kada ya tafi, ya fasa."

"To ki gaya masa..."

"Ya ce ba ya son aike."

Na ɗago na dube ta. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin zanenta.

"Ya ce tun da Gwaggo ta rasu wani tunani yake damun sa. Wai anya duk saƙonnin nan daga gare ki suke? Ko Gwaggo ce take yin abinta ta ce daga Agege, don kada ya ji ba shi da uwa? Ya ce ba ya zargin kowa. Sau ɗaya kawai yake so ya ji daga bakinki."

Na ce ta tashi ta duba tukunya, don ban so ta ga fuskata ba. Ɗan da na haifa yana tambaya ko ni ce, wadda za ta yi mini shaida kuma tana kwance a maƙabarta.

Ana cikin wannan hali motar ta shigo unguwa. Ɗanjuma a lokacin yana fito da motocin tokumbo, waɗanda aka gama hawa a Turai, daga tashar jirgin ruwa ta Apapa yana sayarwa, sai wata ta faɗo cikin kayansa irin wadda Turawa ke yawon shaƙatawa da ita. Daga waje kamar danfo take, bas ɗin hayar nan ta Legas, sai dai fara ce da ratsin ruwan ƙasa. Ciki kuwa ɗaki ne sosai, ga gado a baya, ga murhun gas, ga ɗan wurin wanke kwano da famfonsa, tagogi duk da labule mai furanni. Yaran layinmu suka sa mata suna mota mai ɗaki, har masu goro daga kasuwa suka riƙa zuwa leƙe. Ba mai saye. Kowa sai ya yi dariya ya ce in gida ne ina banɗaki, in mota ce ina kujerun fasinja. Ɗanjuma ya yanke shawarar a fidda kayan cikin, a sa benci, a yi mata fentin rawaya ta shiga layi.

"Amma kafin a fasa ta, Inna, sai kin ɗana," in ji shi. "Mu je ki ga jikokinki a bakin ruwa, mu dawo kafin magariba. Gwiwar nan taki ba za ta ma sani ba, a kwance za ki je kamar matar gwamna."

"Matar gwamna a gadon kare? Ka ɗauka ban ga gashin da ke jikin katifar ba?"

"Haba Inna, karen Turai ne fa, ya fi ni wanka."

"Wannan kuma ban musa ba."

Sai da aka yi mata wankin najasa, aka shanya katifar a rana, aka shimfiɗa zanena a kai, sannan na ce na ji. Na san shirinsa ne shi da Dije, su ma sun san na sani, ba wanda ya tayar da maganar. Abin da ba su sani ba, ni ma da nawa shirin. Labulen nan na gani. Na ce a raina in mun isa kowa ya watse, zan zauna a ciki in saki labule, shi ya tsuguna a waje, ba ya gani na ba na ganin sa, ba kunnen kowa, sai in ce masa ka zauna. Iyakar abin da zan faɗa ke nan. Na yi ta maimaitawa ina alwala, ina tuƙa tuwo, har bakina ya saba. Da a danfo za mu je ban yi tsammanin zan iya ba, amma ɗaki mai labule da ke tafiya da ƙafarsa, sai na ga kamar Allah ne ya kawo mini.

Muka fita wata Lahadi bayan karin kumallo, ni da Dije a baya, Ɗanjuma na tuƙi. Na ɗauki garin ɗanwake da kuka da kanwa, da man gyaɗa da yajin da na daka da hannuna, domin Gwaggo ta sha gaya mini ba abin da yake so kamar ɗanwake mai zafi. Ban kwanta a gadon ba, na zauna a bakinsa na riƙe ƙarfe. Muka wuce Oshodi, muka hau titin Badagry, a Alaba Rago warin tumaki ya shigo ta taga har na ji kamar ina garinmu ranar kasuwa. Duk shingen 'yan sandan da muka zo sai an tsayar da mu, ba don takarda ba, don a leƙa. Wani mai tumbi ya murɗa famfon ya ga ruwa ya zubo, ya ƙwala wa abokinsa kira, suka tambayi Ɗanjuma ko oga yana ba da hayar ɗakin ne wata-wata. Dije ta yi ta dariya har da hawaye. Ni dai leɓena na motsi, ta ɗauka tasbihi nake.

Bayan Badagry muka saki kwalta muka bi wata hanyar yashi tsakanin itatuwan kwakwa. Tun ba a ga ruwan ba ake jin sa, wani rugugi mara yankewa kamar jirgin ƙasan da ya ƙi isowa. Ƙauyen bukkoki ne na ganyen kwakwa da 'yan gidajen bulo, hayaƙin banda ya rufe ko'ina, ga kwale-kwale a kife, ga raga a shanye. A nan na gane shirina ya karye. Motar da na dogara da ita ta ɓoye ni, ita ta tara mini gari. Kafin Ɗanjuma ya kashe inji yara sun lulluɓe ta, mata suka baro kifi a kan wuta, tsofaffi suka taso da sandunansu. Kowace taga da fuska, kowane labule da hannun da ya ɗaga shi. Sai ga uwar Risikatu, wadda ake ce wa Iya Risi, ƙatuwar mace mai fara'a, ta kutso ta hau motar ta rungume ni tana ƙamshin hayaƙi. Ta kira ni Iya, ta haɗa da sunansa, da ƙarfi, jama'a na tayawa. Girmama ni take yi, na sani. Amma tunda nake ba a taɓa jefa mini sunan nan a fuska ba. Na ja mayafi na rufe rabin fuskata, tun daga nan kuwa jikina ya ɗaure.

Na fake da aiki. Na sa Ɗanjuma ya kunna mini murhun, na kwaɓa gari na fara jefa ɗanwake, matan garin na cunkushe a ƙofa suna kallon Bahaushiya na girki a cikin mota. Jikokina suka hau, su kam ba kunya tsakaninmu. Na ja kunnen babban na ce mijin banza, ko kifi ɗaya bai ajiye wa matarsa ba, ya ce ai ya yi sabuwar amarya, ni na tsufa. Risikatu ta kawo mini ruwa, da jaririya a bayanta, ta durƙusa kamar za ta gyara mini zane, ta yi magana ƙasa-ƙasa da guntuwar Hausarta.

"Mama, ni ma ba na so tafiya. Ki riƙe shi. Ke kaɗai yana ji."

Na matsa hannunta, kuma ta ji. Ana haka mutane suka buɗa hanya. Ban ɗago ba, ƙafafunsa na fara gani. Ya cire takalmi ya tsuguna a kan yashi a bakin ƙofar motar. Da wutsiyar ido na ga ya rame, gemunsa ya soma furfura, abin da ban sani ba sai ranar.

"Hajiya, sannu da zuwa. An zo lafiya?"

"Lafiya," na ce wa tukunya.

"Ya gwiwar?"

"Da sauƙi."

"Dije ta gaya miki maganar?"

"Ta faɗa."

"To, ga ni."

Yana tsugune yana jira. Surukarsa na zaune a gefena cinyarta na gugar tawa, surukinsa na tsaye da sanda, Ɗanjuma ya harɗe hannu ya zuba mini ido. Maganar tana nan a kan harshena, ina jin nauyinta. Iya Risi ta zungure ni da gwiwar hannu, ta sake kiran sunan nan, ta ce da Yarabanci in yi wa ɗana magana mana, ɗa ne fa na kirki, ita da nata ne da yanzu ta goya shi a gaban kowa. Aka kwashe da dariya. Ni kuwa sai na ji kamar uwata na zaune a kan gadon nan tana jiran ta ga abin da zan yi a gaban surukai. Na tsame ɗanwaken, na zuba mai da yaji, na miƙa wa yaron na ce ya kai wa ubansa. Sannan na juya wajen Dije.

"Ki ce a yi istihara. Abin da ya fi alheri Allah ya zaɓa."

Dije ba ta maimaita ba, ai ya ji. Ya ce amin, ya karɓi kwanon da hannu biyu, ya tashi.

Ban fidda rai ba, domin na san mutanen nan za su gaji da kallo. Bayan azahar kuwa mata suka koma kan kifinsu, Ɗanjuma ya ce a je a ga teku, yara suka bi shi ɗuu. Na ce gwiwata ba za ta iya yashi ba. Dije ta ce za ta zauna da ni, na daka mata tsawa na ce ta bi su. Na jira har muryoyinsu suka yi nisa, na saki labulen duka, na bar ƙofa a buɗe kaɗan, na zauna. Duk ɗan da ya tashi a garinmu, in ya ga uwarsa ta kori kowa ta zauna ita kaɗai, ya san kiran sa ake yi. Zai zo ya yi sallama daga waje, a yi maganar da za a yi.

Kuma ya zo. Ta tsakanin labule na hango shi ya baro su ya taho shi kaɗai, ya tsaya a gindin wata kwakwa, nisansa da motar kamar daga ƙofar gidan nan zuwa masallacin layi. Ya daɗe yana kallon tagogin. Ni ina ganin wuri na gyara masa, shi ashe gani yake na rufe ko'ina don kada ya dame ni. Na yi gyaran murya, rugugin teku ya haɗiye. Na ɗaga gefen labule, rana na dukan gilashi, bai gani ba. Sai ya sunkuyar da kai ya juya. To a nan ne fa. Mutumin da ya ba ka baya, yana nesa, ga ƙarar ruwa, ba ka da abin da za ka tsayar da shi sai sunansa. Da a tsakar gida ne sai in ce kai, ya waiwayo. Na ja jiki zuwa ƙofa, na sauko da ƙafa ɗaya yashi ya haɗiye ta, gwiwa ta ƙi. Na buɗe baki, na cika ƙirjina da iska. Sunan da aka raɗa masa ina ɗaki ina ji, wanda nake faɗa a zuci duk sujada, ya zo maƙogwarona ya tsaya. Ba fasawa na yi ba, ku gane wannan. Harshen ne bai san hanyar ba. Ina nan baki buɗe har itatuwa suka rufe shi.

Da la'asar muka yi haramar dawowa. Iya Risi ta cika motar da kifi da kwakwa har kan gadon. Da Ɗanjuma ya tayar, tayoyin baya suka nutse a yashi, sai da mazan garin suka taru suna turawa suna waƙarsu ta jan raga. Wanku ya kama ta gefen da nake. Tafin hannunsa na kan gilashin tagar daidai kuncina, ina ganin zanen hannun, da tabon ƙugiya a babban yatsa. Ga mutane kewaye, kowa na ihu. Motar ta fizga ta fita, hannun ya zame.

Muka hau kwalta. Sai Ɗanjuma ya bugi sitiyari.

"Inna, don Allah me zai ragu a jikinki? Mutum da furfurarsa ya tsuguna a gaban surukansa kamar mai roƙo!"

"Ka kalli hanya."

"Wallahi da ni ne..."

"Ai ba kai ba ne. Kai na goya ka har ka yi wayo, na kira sunanka har ya gundure ka. Tuƙa motarka, Ɗanjuma."

Dije na kuka a hankali, warin kifi ya cika motar, kwanuka na ta ƙara a cikin kabad. Ina iya gaya musu abin da ya faru bayan sun tafi bakin ruwa. Ban faɗa ba, domin a lokacin gani nake uwa ba ta wanke kanta a gaban 'ya'yanta. Muka sha gosulo a Ojo, muka iso Agege ana kiran magariba. Na je har bakin teku na dawo ban ga ruwansa ba.

Ba a jima ba aka fidda gadon da murhun, aka yi wa motar fenti, ta shiga ɗaukar fasinja tsakanin Agege da Oshodi har na daina gane ta cikin sauran. Za ku ce me ya hana ni komawa. Na ƙudura zan koma ni kaɗai a motar haya, ba abin kallo, in sauka a bakin hanya in aika yaro ya kira shi. Azumi ya kama, na ce bari a sauke tukuna. Ana tsakiyar azumin sai ga ƙanen Risikatu da kwandon kifi a ka, ya ce jirgin da suke jira ya samu ba zato, sun riga sun ƙetare, ya ce a gaishe ni a nemi gafarata. Shi da ya ce ba ya son aike, da aike ya yi mini sallama.

Ban ce uwata ta koya mini abin banza ba, kuma kada in ji wani a cikinku ya faɗa. A garinmu abin yana tafiya daidai, domin gari duka ne ke fassara wa yaro shirun uwarsa, maƙwabta su faɗa, kakanni su faɗa, shi ma ya gani a gidan abokinsa. Ni na ɗauko shi na kawo inda mutum ɗaya ce tak ta iya fassarar, ban taɓa zama na yi tunanin ranar da za ta mutu ba. Wannan shi ke ci na, ba maganganunku ba.

Shekara ta zagayo, wata ta kama, sai wayar hannu ta shigo gari. Ɗanjuma na cikin waɗanda suka fara saya, yana rataye ta a ƙugu kamar laya. Wata ranar salla da hantsi ya shigo da sauri ya manna mini ita a kunne ya ce Gabon ce. Na karɓa, na kore shi da hannu, na shiga ɗaki na tura ƙofa. Muryar ta zo tana yankewa, kamar daga cikin rijiya. Muka gaisa, ya tambayi gwiwa, na tambayi yara. Sai na lura ba fuska, ba surukai, ba kowa. Ban tsaya shiri ba.

"Ka dawo gida," na ce. "Ni ce nake faɗa, ba aike ba ne."

Na ɗauka layin ya yanke. Sai na ji yana jan hanci.

"Na ji, Hajiya. Wallahi na ji. Na gode." Sannan ya ce, "Sai dai yanzu na kama shago, yara sun shiga makaranta. Ga ƙaramar da muka zo da ita a goye, a nan muka binne ta, Risikatu ba za ta iya barin wurin ba. Da ranar nan ce..."

Bai ƙarasa ba, ni ma ban ce ya ƙarasa ba. Na ce Allah ya sa mai ceto ce, Allah ya yi musu albarka. Na fito na miƙa wa Ɗanjuma wayarsa, ya ce me ya ce, na ce yana gaishe ku.

Yana zuwa jefi-jefi, in an yi rasuwa ko biki, wannan kun sani. Ya iso da akwatinsa, ya kawo mini turare da atamfa, a share masa ɗakin baƙi. Yanzu ina iya zama mu ɗan taɓa hira, ya ba ni labarin ruwan saman can da tsadar albasa. 'Ya'yansa Faransanci suke yi, in na yi musu wasan jika sai su dubi ubansu ya fassara. Kwana kaɗan sai in ga ya fara haɗa kaya, ya zo ya tsuguna a bakin ƙofata ya ce Hajiya, zan koma gida. Ni kuma in ce to, ka gaida mutanen gida.